Yadda ake rage ƙarar janaretan jirgin ruwa da haɗa masa allon sarrafawa

Wanda ya taɓa kwana a jirgin ruwa mai janareta ya san ƙararsa ta sha bamban da ta gida. A gida injin na zaune a kan siminti, ƙasa na shanye girgizarsa. A jirgi kuwa an ɗaure shi ne a jikin wani abu mai rami a ciki, ƙarfe ne ko katako ko faiba, sai jirgin gaba ɗaya ya koma ganga, injin ya zama makaɗi. Ka kwanta a can gaba, nesa da ɗakin inji, amma kana jin bugunsa a ƙashin bayanka.

Na haɗa maganar rage ƙara da ta allon sarrafawa, wato allon da ke ɗauke da makunnai da gejin injin, wuri guda saboda dalili. Bakanike da kunne yake gane ciwon inji: sauyin murya, ƙwanƙwasa, ko yankewar fantsamar ruwa a salansa. Ranar da ka rufe janareta a akwati ya yi shiru, ka toshe wannan kunne da hannunka. Dole allon ya karɓi aikin, ya ga zafi kafin kai ka gani, ya kashe injin kafin ya ƙone. Saboda haka kada ka yi ɗaya ka bar ɗaya.

Duk bayanin nan a kan janaretan dizal ne wanda aka ƙera don jirgi, irin na Onan, Kohler, Northern Lights, Westerbeke ko Fischer Panda. Ƙaramin janaretan fetur na shago, wanda wasu ke ɗorawa a kwalekwale, kada a sa shi a akwati, kada kuma a saukar da shi cikin jirgi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi ɗaya. Hayakinsa kuma cike yake da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Mataki na farko: gano ta ina ƙarar ke fita

Ƙofa uku ce. Akwai wadda ke tashi daga jikin injin ta bi iska, akwai girgizar da ke bi ta ƙafafunsa ta shiga jikin jirgi, akwai kuma ta salansa. Kowace da maganinta, kuma mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan soso alhali matsalarsu na ƙafafu.

Sauke manhajar auna ƙara a wayarka. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna maka bambancin jiya da yau. Zaɓi wuri uku: mita ɗaya daga injin, wurin kwana, da waje kusa da bakin salansa. Kunna janaretan, ɗora masa kayan wutan da ya saba ɗauka, ka rubuta lambobin. Desibel shi ne ma'aunin ƙara. Ragin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ragu da rabi, amma kunne da ƙyar yake lura. Sai an rage desibel 10 mutum yake jin ƙarar ta koma rabi. Zama awa 8 a cikin desibel 85 kullum kuwa yana cin kunne a hankali.

Daga nan ka zagaya da tafin hannunka. Dafa bango, dafa daɓe, dafa jikin jirgi nesa da injin. In kana jin zirrr a hannunka, girgiza ce ke tafiya ta cikin ƙarfe. Ɗora bakin doguwar sukundireba a kan katakon da injin ke zaune, ka kara mariƙinta a kunne, za ka ji abin da jirgin ke sha.

Mataki na biyu: ƙafafun roba

A nan ake samun riba mafi yawa da kuɗi kaɗan. Janareta mai ba da wuta 50 Hz, wato mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, irin wadda ake amfani da ita a Najeriya da Nijar, yana juyi 1500 a minti ɗaya idan babba ne mai natsuwa, ko 3000 idan ƙarami ne mai sauri. Juyi 1500 a minti daidai yake da bugu 25 a daƙiƙa. Kafin roba ta tare wannan bugun sai ta yi laushin da nauyin injin zai nutsar da ita kusan milimita 4. Robar da ba ta motsa ba da aka ɗora mata inji, da ita da ƙarfe duk ɗaya. Wadda ta lotse gaba ɗaya ma ta gama aiki.

Nemo nauyin janaretan a jikin farantinsa ko a littafinsa, ka raba shi ga ƙafafu huɗu, ka tuna ɓangaren da ke da kan wuta, wato sashen da ke samar da lantarki, yakan fi nauyi. Sayi ƙafafun da aka yi wa wannan nauyin, masu ƙarfen tsaro a ciki wanda ba zai bar injin ya tsinke ba idan igiyar ruwa ta jefa jirgin. Guntun tayar mota da ake yankawa a sa yana rage kaɗan, amma ya yi tauri da yawa, kuma dizal da baƙin mai suna ruɓar da shi.

Abin da injin zai zauna a kai shi ma sai ya yi nauyi da tauri. Roba mai laushi a kan siririn falanki ba ta da abin da za ta tokara. Ɗaure gindin a kan haƙarƙarin jirgin, inda ya fi ƙarfi. Mai son shiru sosai yakan yi hawa biyu: inji a kan roba, robar a kan farantin ƙarfe mai nauyi, farantin kuma a kan wata robar.

Bayan haka ka bi duk abin da ya fito daga jikin injin ɗaya bayan ɗaya. Bututun mai, tiyon ruwa, salansa, wayoyi, kowanne ya zama yana da sashe mai lanƙwasa da ɗan rara. Bututun tagulla guda ɗaya da aka ɗaure tam daga inji zuwa bango ya isa ya ɓata aikin ƙafafu huɗu, kuma wata rana girgizar za ta tsaga shi dizal ya malale.

Mataki na uku: salansa, inda kuskure ke cinye inji

Yawancin janaretan jirgi salansar ruwa gare su. Famfo mai farfelar roba yana zuƙo ruwan kogi ko na teku, ruwan ya sanyaya injin, sannan a watsa shi cikin hayaƙi a wata gwiwar bututu da ke bayan injin. Hayaƙin ya huce, ƙararsa ta faɗi, har tiyon roba na musamman ya iya ɗaukarsa. Daga gwiwar sai su gangara cikin wata tukunya, ruwa ya taru, ƙarfin hayaƙi ya riƙa tura shi sama zuwa waje.

Wannan tukunya ta zauna ƙasa da gwiwar da kusan santimita 30, tiyon da ke zuwa gare ta ya gangara aƙalla santimita 4 a kowace mita, ba tare da wani kwari da ruwa zai kwanta ba. Girmanta ya isa ya ɗauki duk ruwan da ke cikin tiyo idan injin ya tsaya. Kowace mahaɗa a ɗaure ta da kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ita ma tukunyar a shimfiɗa mata roba, don tana bugawa.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka karanta sau biyu. Idan gwiwar tana ƙasa da layin da ruwa ke kaiwa a jikin jirgi, ko ba ta fi shi tsawo da santimita 15 ba, ruwa na iya ci gaba da shigowa da kansa bayan an kashe injin, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo. Zai cika tukunya, ya hau gwiwa, ya shiga silinda. Maganinsa a ɗaga tiyon ruwan ya yi baka a sama, a sa ɗan bawul mai shigar da iska a ƙololuwarsa, aƙalla santimita 30 sama da layin ruwa, wasu kamfanonin ma suna neman 50. Layin da ake nufi shi ne na jirgi cike da kaya da mutane. Jirgin da aka auna babu kowa a ciki zai nutse ƙasa ranar kasuwa, lissafin ya rushe.

Haka nan idan injin ya ƙi tashi. Duk bugun kik da ka yi, famfo na zuba ruwa a tukunya, babu hayaƙin da zai fitar da shi. In ka buga sau biyu ko uku bai kama ba, rufe bawul ɗin shigar ruwa, ka buɗe shi da zarar ya tashi. Na ga injin da bai shekara ba aka farke shi saboda wannan kaɗai, sandar fistin ta lanƙwashe don ruwa ba ya matsuwa.

Fantsamar da ake ji a waje da dare, faca-faca, tana da magani. Akwai akwatin da ke raba ruwa da hayaƙi: ruwa ya fita ta ƙarƙashin jirgi shiru, hayaƙi ya fita ta sama. Sai dai ka sani ka rasa alamar da ke gaya maka famfo na aiki, kuma za mu biya wannan bashin a jikin allo.

Masu aiki a kogin Kwara da Binuwai, daga Yawuri zuwa Lokoja, da masu Tafkin Chadi, suna da tasu damuwar. Ruwan damina laka ne da yashi, ga kainuwa da ciyawa. Yashi na cin farfelar famfo, ciyawa na toshe rariya. A irin wannan ruwa a sa babbar rariya mai murfin gilashi a inda ido ke gani, a ajiye farfela ta canji. Jirgin ƙarfe kuma zai fi hutawa idan aka shimfiɗa bututun sanyaya a jikin gindinsa ta waje, ruwan injin ya riƙa zagayawa a rufe, kogi na sanyaya shi ba tare da ya shigo ba. Amma a nan salansar busasshiya ce, tana yin zafin da zai kama katako da wuta. Sai an sa mata mahaɗar ƙarfe mai lanƙwasa, a naɗe ta da abin tare zafi, a nisanta ta da duk abin da ke ci.

Mataki na huɗu: akwati da iska

Abu biyu ake buƙata, nauyi da laushi. Nauyi ke tare sauti, laushi ke shanye wanda ke yawo a ciki. Kayan da ake sayarwa don wannan aiki hawa-hawa ne: soso, sai shimfiɗar roba mai nauyi, kimanin kilo 5 a kowace murabba'in mita, sai wani soson, sai fuskar azurfa mai hana mai shiga. Siririn soson ya kalli bango, fuskar azurfar ta kalli injin. A manne, a kuma ƙara da ƙusoshi masu faɗin kai, musamman a rufi, don zafi na saki gam.

Soson katifa fa a'a. Araha ba ta ado. Yana shan dizal, yana kamawa da wuta nan take, hayaƙinsa guba ne, kuma bai da nauyin da zai tare komai. In ba a samu na ainihi ba, audugar dutse da ake sa wa bututun masana'antu ba ta ci da wuta, a rufe ta da farantin ƙarfe mai huji-huji.

Rami shi ne babban abokin gaba. Idan kashi 1 cikin 100 na jikin akwatin a buɗe yake, ragin da za ka samu ba zai wuce desibel 20 ba ko da bangon na dalma ne. Sa robar ƙofa a kowane murfi, sa maƙulli mai matsewa, toshe inda waya da tiyo suka ratsa. Da dare ka ajiye tocila a ciki ka rufe, duk inda haske ya fito nan ƙara ke fita.

Sai dai inji na numfashi. Mai lita 1 a juyi 1500 yana shaƙar kusan lita 750 ta iska a kowane minti, ban da wadda kan wutan ke buƙata don ya huce. Yi masa hanyar iska mai kwana biyu ko uku, a lulluɓe cikinta da soso, iska ta bi kwana, sauti ya maƙale. Mashiga a ƙasa, mafita a sama da fanka mai zuƙowa. In murfin na yi maka gardama kamar ana zuƙe shi ciki sa'ad da kake buɗewa, ko baƙin hayaƙi ya ƙaru bayan ka rufe, iska ta yi kaɗan. Ka bar tazara tsakanin injin da bango don yana rawa wajen tashi da tsayawa, kuma ka yi murfin yadda za ka duba baƙin mai, ka canza filta da farfela ba tare da sifana ba. Abin da ke da wuyar buɗewa ba a duba shi.

Mataki na biyar: allon, ɓangaren batir

Cire wayar batir kafin ka taɓa komai. Allon ya zauna inda matuƙi ke gani, inda ruwa ba ya fantsama, nesa da kamfas don wayoyi na karkatar da allurarsa. Kada a ɗaure shi a jikin injin.

Abin da ba a rasawa a kai: makunnin hita mai ɗumama silinda kafin tayarwa, na tayarwa da na kashewa, gejin ƙarfin baƙin mai, gejin zafin ruwa, mitar batir, mitar ƙirga awoyi, ƙararrawa, da jan maɓallin gaggawa. Bayansu akwai masu gadi uku da za su kashe injin da kansu: na faɗuwar ƙarfin baƙin mai, na zafin ruwan inji, da na zafin salansa, wanda ake ɗaurawa a gwiwar nan. Na ukun shi ne biyan bashin da na ambata. Idan leda ta toshe mashigar ruwa, tiyon salansa zai fara ƙonewa tun kafin gejin zafi ya motsa.

Yadda ake jera su yana da muhimmanci. Zaɓi solanoid, wato bawul ɗin dizal mai aiki da lantarki, wanda sai da wuta yake buɗewa, ka jera masu gadin da maɓallin gaggawa a kan layi ɗaya da ke riƙe da rilensa, ɗan makunnin da ke kai masa wuta. Duk wanda ya buɗe, ko waya ta tsinke, mai ya yanke, inji ya tsaya. Da yake babu ƙarfin baƙin mai a lokacin tayarwa, makunnin hita ko na kik shi ke tsallake wannan mai gadin na ɗan lokaci, shi ya sa ake riƙe shi har allura ta hau.

Geji da abin da ke aika masa saƙo daga jikin inji su zama 'yan gida ɗaya. Na Turai irin na kamfanin VDO na aiki da om (ma'aunin turjiyar wuta) 10 zuwa 180, na Amurka 240 zuwa 33, wato a juye. Ka gauraya su, allura za ta yi maka ƙarya. In kuma geji biyu kake so, ɗaya a wurin matuƙi ɗaya a ɗakin inji, akwai mai aikawa na musamman da aka yi wa geji biyu.

Yau da yawa sun koma ƙaramar kwamfutar janareta, irin ta Deep Sea Electronics, ComAp ko SmartGen, wadda ke haɗa duk wannan a fuska ɗaya har ta rubuta dalilin tsayawa. Ina son su. Amma a jirgi ka rage yawan bugun kik da take yi da kanta, saboda tukunyar nan, kuma ka bar jan maɓallin yana yanke mai kai tsaye ba sai ya nemi izininta ba.

Wayar da ke ciyar da allon a sa mata fis kusa da inda ta ɗauko wuta, cikin santimita 18, kamar yadda ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ta tanada.

Mataki na shida: ɓangaren babbar wuta

Wannan ɓangaren, in ba sana'arka ba ce, kira mai aikin wuta, kai ka tsaya ka tabbatar an yi abin da ke nan.

Daga janareta wuta ta fara shiga bireka mai katse waya biyu, mai wuta da nutural. Janaretan kilowat 5 a volt 230 yana ba da kusan amfiya 22, sai a zaɓi bireka daidai da abin da farantinsa ya ce, da waya mai kaurin murabba'in milimita 4, ko 6 idan tafiyar da nisa ko ɗakin da zafi. Bayanta sai na'urar da ke katsewa idan wuta ta zurare, mai miliamfiya 30. A ruwan daɗi wannan na'ura rai ce. Jikin mutum ya fi ruwan kogi ɗaukar wuta, don haka wutar da ta zurara daga jirgi za ta bi ta jikin yaron da ke iyo a gefe, ta sandarar da shi ya nutse.

Jirgin da ke karɓar wuta daga tudu idan ya tsaya a tasha yana buƙatar cenjoba mai matsayi uku, tudu, kashe, janareta, wadda ke sakin ɗaya kafin ta kama ɗaya, tana canza wayoyin biyu tare. Nutural da wayar ƙasa a haɗa su a jikin janareta kaɗai, ta yadda haɗin zai fita daga layi idan an koma wutar tudu.

Sa mitar volt, ta amfiya da ta Hz. Ta ƙarshen ita ce ke faɗa maka gudun inji. Mai gwamnan ƙarfe, wato abin da ke daidaita gudun inji ba da lantarki ba, yakan nuna kusan 52 babu kaya, ya sauko 50 idan ya ɗauka. Zoben da ake zura wa waya don auna amfiya, kada a cire wayoyinsa yayin da wuta ke gudana, yana tara volt mai haɗari.

Waya kuma ta zama mai silli-silli, wadda aka shafe da kuza idan da hali, musamman a ruwan gishiri irin na Legas. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya girgiza na karya ta. A matse kawuna da filayar matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure kowane santimita 45. Wayoyin batir daban, na babbar wuta daban, bayan allon a rufe ɓangaren babbar wuta. Lamba a kan kowace waya, zanen haɗin a leda a manne a cikin murfi.

Gwaji

Buɗe bawul ɗin ruwa, tayar da injin murfi a buɗe, ka leƙa ka ga ruwa na fita. Gwada masu gadi ɗaya-ɗaya: zare wayar kowanne, ko ka taɓa ta da jikin inji, gwargwadon irinsa, ka ga ya mutu. Danna jan maɓalli. Danna maɓallin gwaji na na'urar zurarewar wuta. Rataya ƙararrawar kabon monoksaid a wurin kwana, don dizal ma na fitar da ita.

Sai ka rufe akwatin, ka ɗora kaya kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, ka bar shi awa ɗaya kana duban gejin zafi da hayaƙi. Koma wurare ukun nan da wayarka, ka rubuta sabbin lambobi kusa da na farko. Bayan awa 50 na aiki ka sake bin notuna da kilif-kilif da sifana, ka auna nutsewar ƙafafun, don sabuwar roba takan ƙara zama.